Tiyatar gyaran wuya: ruwan da ke taruwa da tabon da ke biyo baya

Tiyatar gyaran wuya fa ta shigo Kano, kawai dai ba a faɗa ne. Mace sai ta ɓace kwana goma a ce ta tafi Dubai saro kaya ko ta raka wata Misira ganin likita, ta dawo kullum haɓa a naɗe cikin mayafi ko da a uwar ɗakinta take, in kin tambaya ta ce miki haƙori ne ke damunta. Wasu a Istanbul suke yi, wasu Alƙahira, wasu ma nan Abuja ko Legas. Mu da muka taso ana cewa wuya mai ninki alamar hutu ce yau ga shi ana biyan kuɗi a cire ninkin, toh Allah ya kyauta. Ni dai ba hukunci na zo yankewa ba, maganar halas da haram a kai wa malamai su ne da ita, kuma ba kowa ke yi dan gayu ba, akwai wadda ta rage ƙiba sosai fatar wuyan ta zubo, gumi na kwanciya a ciki har wurin ya dinga saɓulewa, irin na yayata kenan. Ni na yi jinyarta bayan ta dawo, kuma abin da na gani shi ne rabin wahalar aikin nan a gida ake shan ta, lokacin da likitan da ya yi aikin yana can wata ƙasa sai dai a tura masa hoto ta WhatsApp ya amsa bayan awa shida da "ba komai, haka yake".

Sai kin san me aka yi a wuyan za ki gane daga ina ruwan yake zuwa. Mai sauƙin shi ne laifo, a ɗan huda ƙarƙashin haɓa a zura siririn ƙarfe a tsotse kitsen. Babban kuma a yanka ƙarƙashin haɓa da zagayen kunne har bayansa, a ɗaga fata daga jikin nama, a ɗinke wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ke gaban wuya wadda ita ce ke sakewa in shekaru sun ja, sannan a ja fatar a yanke rarar. Ko wanne aka yi dai an raba fata da abin da ke ƙarƙashinta, an bar fili a tsakani, kuma an tsittsinka ƙananan hanyoyin da ke kwashe ruwan jiki daga wurin. Kafin fatar ta sake mannewa wani abu zai iya cika filin nan, ko jini ko ruwa, kuma dan Allah a bambance su domin ɗaya yana jira ɗaya ba ya jira.

Jinin shi ne ba ya jira. Yawanci a cikin awa 24 na farko yake taruwa, shi ya sa duk asibitin da zai sallame ki ki koma otal ke kaɗai a daren da aka yi babban aikin ban yarda da shi ba. Alamarsa kumburi ne na farat ɗaya, galibi ɓangare ɗaya, wurin ya yi tauri ya ɗame, ciwo ya tsananta maganin da aka bayar ya daina kama shi, fata ta fara duhu, in ya yi yawa haɗiyar yawu ta gagara ko murya ta canja ko numfashi ya fara sarƙewa. Wuya ba cinya ba ce, maƙogwaro na nan kusa, jinin da ya taru zai iya danne hanyar iska. Wannan ba na tura hoto ba ne, na a ɗauki mota a tafi imajensi ne ko ƙarfe biyun dare ne. Babban abin da ke jawo shi hawan jini ne, sai aspirin da su ibuprofen da diclofenac, sai amai ko tari mai ƙarfi ko yunƙuri bayan aiki. Maza sun fi mata samunsa saboda fatar gemu ta fi jijiyoyin jini. Hajiyoyinmu da yawa suna kan Vasoprin, wato ƙaramin aspirin, kullum kuma ba sa lissafa shi a magani, likita ya tambaya su ce ba sa shan komai, haka ma su ƙwayoyin tafarnuwa da man kifi da bitamin E da tarkacen da ake haɗowa daga Islamik kemis. A faɗa wa likita duka tun kafin aiki, shi zai ce a tsayar ko kar a tsayar, kar ki yanke da kanki musamman in likitan zuciya ne ya ɗora ki a kai.

Ruwan kuwa, wanda likitoci ke ce wa siroma, shi a hankali yake zuwa, kuma a nan ne tafiye-tafiyen nan suke ba mutane ruwa. Bayan aiki akan saka 'yar roba a wuyan tana zuƙo abin da ya taru, a cire ta bayan kwana 1 ko 2, a warware ɗinki wajen kwana 5 zuwa 10, a ce kin yi kyau ki hau jirgi. Shi kuma siroma ya fi bayyana wajen kwana 7 zuwa 10 bayan aikin, wani har sati biyu, kinga kenan daidai lokacin da kika sauka filin jirgin Malam Aminu Kano kina murna an gama. Na yayata a ƙarƙashin haɓa ya fito, gefen hagu, ba zafi ba ja, sai nauyi kawai da wani lumtsi, in ka danna gefe ɗaya ruwan ya gudu ɗaya gefen kamar ledar fiya wata. Ta kira ni ɗaki ta kulle ƙofa ta ce "taɓa nan ki ji, kuma wallahi kar ki gaya wa Hajiya." Na ce "Yaya, Hajiya ba za ta ji ba amma likita sai ya ji." Sai da muka kai ruwa rana kafin ta yarda, ita tsoronta kar ta haɗu da wanda ya san ta a layin asibiti.

Wannan ɓoyon shi ne yake ɓata wuyan mutane fiye da ruwan kansa. Saboda kar a sani, sai a kira yaron kemis na bayan layi ko wata nas ta unguwa ta zo gida da sirinji. Ruwan siroma in bai samu ƙwayar cuta ba ruwa ne mai tsabta, ɗorawa-ɗorawa, wani lokacin da ɗan jini-jini, kuma wuri ne mai ɗumi da ƙwayar cuta ke so, allura ɗaya marar tsabta ta isa ta mayar da shi mugunya. Ga shi wuya cike yake da manyan jijiyoyin jini da na motsin leɓe, ba wurin koyon hannu ba ne. Likitan tiyatar da ya duba Yaya a nan Kano bai ma yi mata wani faɗa ba, ya ce "Hajiya ai wannan muna gani," ya goge wurin ya zura allura ya janyo ruwan, ya danne da auduga ya mayar mata da abin ɗaure haɓa, ya ce ta dawo bayan 'yan kwanaki domin zai iya sake taruwa. Kuma ya sake ɗin, ba sau ɗaya ba, amma kullum yana raguwa har ya daina. Wannan shi ne abin da nake so mutane su sani, sake taruwa ba ya nufin an yi kuskure, haka yake yi har fatar ta manne. Ƙarami sosai ma wani lokacin ba a taɓa shi, jiki ke shanye abinsa a cikin makonni. Wanda ya ƙi ji sai a mayar da robar zuƙa na ɗan lokaci, in akwai shakka a yi sikanin a ga ruwa ne ko jini ne ya daskare. Haɗarin barin babba ya daɗe shi ne jiki yana yi masa wata 'yar jaka a ciki, in ta yi kauri allura ba ta ƙara yin amfani sai an sake buɗewa an cire ta, ga fatar da aka biya kuɗi aka ɗame ta sake buɗewa saboda nauyin ruwan.

In wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ruwa mai wari ko mai kauri na fita ta bakin ɗinkin, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, infekshon ne, wato ƙwayar cuta ta shiga, har sai likita ya ce ba shi ba ne. Kar a ce maleriya ce a sha magani a kwanta, mu nan kowane zazzaɓi maleriya ne. Akwai kuma wani da ba kowa ya sani ba, wasu likitocin suna rage ƙullin da ke yin yawu a ƙarƙashin muƙamuƙi dan wuyan ya ƙara fitowa, toh in an taɓa shi yawu ma yana iya taruwa a ƙarƙashin fata, alamarsa kumburin yana ƙaruwa in ana cin abinci musamman mai tsami. Shi maganinsa daban ne, shi ya sa yake da kyau ki san ainihin abin da aka yi miki.

Abin ɗaure haɓar nan da ake bayarwa, mai zagayowa ta saman kai, aikinsa danne fata ta manne dan kar ruwa ya samu wurin zama. Yawanci ana cewa a sa dare da rana a satin farko ko biyu sannan a koma da daddare kawai na wasu makonni, kowane likita da nasa tsarin, bi na wanda ya yi miki. Amma su da suka tsara abin nan ba su san zafin Kano na watan Afirilu ba, rana ta haura 40 ga ba wuta, gumi ya jiƙa shi sharkaf ƙuraje su feso a ƙarƙashi. Ki sayi guda biyu tun can, ɗaya a jiki ɗaya a shanya. Kar a matse shi da sunan ruwa zai fi saurin tafiya, fatar da aka ɗaga jininta bai gama dawowa ba, matsi mai yawa yana iya kashe ta, kuma in ya naɗe ya yi layi a wuya layin yana iya zama. Yatsa ya dinga shiga ƙarƙashinsa ba da kokawa ba. In da hali ma a tsara aikin ya faɗo lokacin sanyi, duk da shi ma hunturu da nasa, ƙura da bushewar fata da tari. Hijabi mai roba a haɓa, wannan da ke kama fuska tsam, bakinsa daidai kan ɗinkin yake zama yana gurzarsa, a ajiye shi tukuna a koma mayafin auduga mai laushi ko hijabi mai faɗin fuska. Ɗaurin ɗankwali mai bi ta bayan kunne da maratayin gilashi da igiyar takunkumi su ma duk kan ɗinkin bayan kunne suke hawa. Sarƙa da manyan 'yan kunne kam a manta da su na ɗan lokaci ko bikin waye.

Kwanciya a rigingine, kai sama da ƙirji. Kuskuren da ake yi shi ne a jibga filo uku a ƙarƙashin kai kawai, haɓa ta sauko ta taɓa ƙirji, wuyan ya lanƙwashe, wannan ya fi kwanciya ƙasa illa. Daga baya za a fara tadawa, kafaɗa da kai su tashi tare wuya na miƙe. Duƙawa kan waya na awa da awanni ma lanƙwasa wuya ne. Shara, wanki a duƙe, ɗaukar yaro ko bokitin ruwa, duk a bar wa wasu na sati biyu zuwa uku, kuma adaidaita sahu a titunan cikin unguwa masu ramuka ba abin hawan mai sabon ɗinki a wuya ba ne. Sai salla, wadda kusan ba likitan waje da zai tuna ya yi miki bayaninta. Ruku'u da sujada suna saukar da kai ƙasa jini ya taru a fuska da wuya, a kwanakin farko wannan na iya ƙara kumburi ko tayar da zubar jini. Malamai sun yi bayanin sallar marar lafiya a zaune da nuni, da shafa a kan bandeji wajen alwala, ki tambayi likita yaushe za ki fara sunkuyawa ki tambayi malami yadda za ki yi kafin nan. Wajen shafar kunne a kula da ɗinkin da ke bayansa.

Yanzu maganar gashi da ruwan zafi. Mu Hausawa duk kumburi maganinsa ruwan zafi da tawul, kuma duk wadda ta zo dubiya sai ta ce a gasa. Kar a gasa. Bayan aikin nan fatar wuya da ƙasan kunne a mace suke, ba a jin taɓawa sosai na makonni har watanni saboda ƙananan jijiyoyin ji da aka taɓa, za ki iya ƙona wurin ya tashi ba ki ji komai ba, ki tashi da tabon ƙuna a kan tabon tiyata. Ƙanƙara kai tsaye a kan fata ma haka take. Ƙaho kuwa, ko na wanzami ko na zamani da ake ce wa hijama, wai a zuƙe mataccen jini, a kan wuyan da aka yi wa tiyata ko kusa da shi ban ga mai hankalin da zai yarda ba, tsaga ce sabuwa a fatar da ke neman jini, kuma ƙofar shigar cuta ce zuwa cikin filin nan. Turaren tsuguno da su dilka da halawa da kurkur na gyaran jiki su ma kar su je wuyan sai likita ya sallama.

Bayan ruwa ya tafi sai wani sabon tashin hankalin, wajen sati na 3 zuwa na 6 ƙarƙashin haɓa ya yi tauri, gudaji-gudaji, wani wurin ya ɗan janye, mutum ya duba madubi ya ce an ɓata shi. Yaya ta yi kuka a wannan matakin fiye da lokacin ruwan. Tabo ne na ciki, jiki ke saƙa nama dan manne fatar, kuma yawanci yana sakewa da kansa a cikin wata 3 zuwa 6. Bambancinsa da siroma shi ne shi ba ya gudu in an danna. Tausa tana taimakawa amma sai likita ya ba da izini, kuma ba irin tausar da muka sani ba ta a danna har sai an ji a ƙashi. Wadda ake nufi shafa ce mai sauƙi ƙwarai, ana tura fata a hankali zuwa gefen wuya a gangara wajen ƙashin wuya inda ruwan ke komawa cikin jini, wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Emil Vodder ne ya fito da salon a shekarun 1930. Yanzu kowane shagon gyaran jiki a Instagram ya rubuta yana yi, har da injina masu jijjiga da katako. Ni shawarata a je wurin masu fiziyo na asibiti su nuna miki yadda za ki yi da hannunki. Kuma tausa ba ta kwashe siroman da ya riga ya taru, murza shi ma ƙara tayar da shi yake.

Abinci ba wani dogon zance, a rage gishiri da magi da kilishi da indomi saboda suna riƙe ruwa a jiki, a ci ƙwai, wake, kifi, nama, nono, ciwo da su yake haɗewa. Mai ciwon suga ta riƙe sugan da kyau. Sigari da shisha kuwa, kuma kar a ce mata ba sa sha, nikotin na tsuke jijiyoyin jinin fata, shi ne kan gaba wajen sa fatar bayan kunne ta yi baƙi ta mutu. Ana so a bari aƙalla sati 4 kafin aiki da sati 4 bayansa.

Tabon waje shi ne doguwar tafiyar. Hotunan kafin da bayan da asibitocin nan ke sakawa ki lura yawancinsu fararen fata ne, tabonsu ja yake yi sannan ya koɗe ya ɓace. Namu duhu yake yi, kuma mu ne muka fi kowa yin kiloyid, tsiron nan da ke fitowa a kunnen wasu bayan huji ko a ƙirji bayan ƙurji ko a ƙeyar maza bayan aski. Kunne da layin muƙamuƙi suna cikin wuraren da ya fi so, daidai inda wuƙar ke bi kenan. In ke ko wani a gidanku yana da shi, ki faɗa tun kafin a taɓa ki, likitan kirki zai iya ce miki ki haƙura da aikin gaba ɗaya ko a tsaya a laifo mai ƙaramin huji. Akwai tabo mai kauri da ke tashi a kan layin ɗinkin kawai, ya fara a wata na farko ko na biyu, ya yi ƙaiƙayi, sannan a hankali ya kwanta. Shi kiloyid wuce iyakar ciwon yake yi ya ci lafiyayyar fata, yana iya farawa bayan watanni ana ganin an tsira, kuma ba ya komawa da kansa. Kowane tabo sai ya yi wata 12 zuwa 18 kafin ya nuna kamanninsa na ƙarshe, kuma ko ya gama warkewa ƙarfinsa ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na asalin fata, a sati na 3 ma bai fi kashi 20 ba, shi ya sa waiwaye da ƙarfi ko jan wurin da wuri ke sa layin ya faɗaɗa.

Abin da ya fi samun goyon bayan likitoci a gida shi ne silikon, ko na mannawa ko na shafawa. Tun farkon shekarun 1980 aka fara amfani da shi a Ostireliya kan tabon ƙuna. Ba a sa shi sai ciwo ya rufe ruf, ba ɓawo ba ruwa, wajen sati biyu ko uku kenan, sannan a sa aƙalla awa 12 a rana na wata 2 zuwa 3, mai tarihin kiloyid ta fi haka. Matsalarsa ba ya nuna aiki da wuri, mutum ya yi kwana goma ya ce ƙarya ne ya jefar. A zafinmu na mannawar yana zamewa a ƙarƙashin haɓa, na shafawar ya fi zama, a shafa kaɗan a bari ya bushe kafin a yafa mayafi. A saya a famasi mai rajista a duba lambar NAFDAC, jabu ya yi yawa. Man kaɗanya da man zaitun ba laifi bayan ciwo ya rufe, suna tausasa fata suna rage ƙaiƙayi musamman da hunturu, amma ba sa hana kiloyid, kuma a kan ɗanyen ɗinki ba a sa su, haka zuma ta kasuwa da man habbatus sauda da man goge baki da duk abin da maƙwabciya ta kawo. Rana kuma ita ke mayar da sabon tabo baƙi ƙirin ya zauna a haka, a shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama har shekara, siririn mayafi shara-shara ba ya tare ranar Kano.

Dole in taɓo bilicin ko da za a ji haushina. Mayukan nan da ake haɗawa a roba ba suna ba komai, yawancinsu akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wasu da haidurokwinon wasu har da makuri, har NAFDAC ta ayyana abin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Sitiroyid na sirantar da fata, fatar da ta yi shekaru tana shan sa ba ta riƙe zare da kyau, ɗinki na iya buɗewa, warkewa ta yi jinkiri, cuta ta shiga da sauƙi. Likitan Turkiyya da ya gan ki fara tas bai san ba haka aka haife ki ba, zai ɗauka fatarki irin wadda ba ta yin kiloyid ce. Ki gaya masa gaskiya, ki daina shafawa tun da sauran lokaci. Bayan aikin kuma in tabo ya yi duhu sai a ce bari in shafa masa mai ya yi haske, abin da ke faruwa shi ne gefen ya yi fari layin ya ƙara fitowa.

In tabon ya fara tashi, yana ƙaiƙayi yana tauri, kar a jira ya girma. Akwai allurar da ake yi a cikin tabon kansa, triamcinolone, duk bayan sati 4 zuwa 6, wani lokacin a haɗa da wani maganin da ake kira 5-FU, tana kwantar da shi sosai in an fara da wuri. Tana da zafi kam. Kuma aikin likitan fata ne ko na tiyatar gyara, domin in ta yi yawa ko ta zube a gefen tabon wurin lotsawa yake ya yi fari fat, a baƙar fata kuwa farin tabo a wuya ya fi asalin tabon fitowa. Yanke kiloyid kawai a ɗinke ba tare da an haɗa da allura ko gashin haske na asibiti irin wanda ake yi wa masu ciwon daji ba, mafi yawan lokuta dawowa yake har ya fi na da. Leza ma, wato injin haske da ake gyara tabo da shi, sai wanda ya saba da baƙar fata, in ba haka ba ƙuna ce. Sake tiyata dan gyara tabo ko wani ɗan tudu, likitoci sukan ce a jira shekara ta zagayo, yawancin abin da ke hana mutum barci a wata na biyu ba ya nan a wata na goma.

Wadda duk ta riga ta yanke shawarar tafiya, ta nemi likita a nan tun kafin ta sayi tikiti. Akwai likitocin tiyatar gyara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, wasunsu suna duba mutane a asibitocin kuɗi da yamma in layin ne ba kya so. Ki je ya ga wuyan kafin a taɓa shi, ya duba tsofaffin tabonki da hawan jininki, ku yi magana cewa shi zai karɓe ki in kin dawo. In a cikin Najeriya za a yi, a tabbatar likitan yana da rajista da hukumar MDCN mai yi wa likitoci rajista kuma ainihin likitan tiyatar gyara ne, ba wanda ya je kwas na sati biyu ba. Daga can kuma kar ki baro asibitin sai da takardar bayanin aikin da Turanci, ba da Turkanci ko Larabci ba, a rubuta me aka yanka, an taɓa ƙullin yawu ko ba a taɓa ba, wane irin zare ne a ciki, yaushe aka cire robar zuƙa, wane magani aka ba ki. In kuɗin otal zai yiwu ki ƙara kwanaki ki wuce sati biyu a can, a jirgi kuma ki dinga tashi kina takawa kina shan ruwa saboda daskarewar jini a ƙafa.

Masu tiyatar maƙoƙo, da su ne ma suka fi yawa a asibitocinmu, kusan duk abin da na faɗa kan jini da ruwa da silikon da rana ya shafe ku, tabonku ma a gaban wuya yake inda bakin riga da sarƙa ke gogarsa. Ƙarin naku shi ne in kun ji leɓe ko yatsu suna yi muku tsira-tsira ko hannu na ƙandarewa a kwanakin farko bayan aiki, sinadarin kalsiyam ne ya sauka a jini, a koma asibiti a ranar a auna.